Hawainiyar da Ta Yi wa Shanu Rigakafi

Ban taɓa mantawa da ranar da aka aiko mini da motar gwamnati, tankinta cike da mai, don in je in duba lafiyar hawainiya ba. Wata Talata ce a watan Afrilu na shekarar 2000, ana tsakiyar bazara, duwatsun garin nan sun sha rana sun ƙoshi suna amayo mana ita. Ku da kuka shigo aiki jiya-jiya kuke kukan babu kayan aiki, ku gyara zama ku ji, don ku san ba a kanku aka fara ba.

A lokacin ina mataimakin sufuritandan dabbobi, mataki na bakwai, a wani ƙaramin asibitin dabbobi a nan Dutse. Ina cikin waɗanda aka kwaso daga Kano bayan an ƙirƙiro jiha a 1991, aka zube mu da teburanmu aka ce mu fara aiki. Ga wanda bai san tsarin ba, likita shi ne mai digiri, shi ke rubuta magani ya sa hannu. Mu kuwa mu ne masu kama ƙaho, masu tsira allura, masu shan shurin jaki. Likitanmu Dakta Nasiru ne, mutum mai ilimi da kirki, sai dai da zarar an ce hedikwata na nemansa, gumi zai karyo masa ko da ana sanyi.

Damuwata a wannan shekarar guda ɗaya ce. Tun watan Janairu aka kawo mana allurar rigakafin ciwon huhu na shanu. Wanda ya taɓa ganin ciwon nan ya shiga garke ba ya fatan ya sake gani. Saniya ta yi ta tari, ta miƙe wuya tana neman numfashi, ta rame ta faɗi, kuma kafin ta faɗi ta riga ta raba wa 'yan'uwanta. Allurar tana zuwa ne a 'yan kwalabe, kamar gari, sai an isa ruga ake haɗa ta da ruwanta. Ba ta son zafi ko kaɗan. Muna ajiye ta a wata tsohuwar firij mai aiki da kananzir, wadda nake lallaɓawa safe da yamma. A jikin kowace kwalba an buga ranar da za ta daina aiki, ƙarshen watan Yuli. Rugage goma sha huɗu ne a ƙarƙashinmu, daga bayan gari har can gaba da Kiyawa, kuma babu wadda za ka kai wa allura da sanyinta sai da mota.

Mota kuwa akwai ta, wata jif guda, tana fake a hedikwata a inuwar darbejiya. Ga yadda ake neman ta. Ka rubuta takarda, Dakta ya sa hannu, masinja ya kai rajista, a saka ta a fayil, fayil ya hau teburin Mataimakin Darakta, shi kuma ya rubuta “don umarninka” ya tura wa Darakta. Sau biyar na rubuta. Sau biyar fayil ya dawo da haruffa uku da koren biro, K.I.V., wato a ajiye, za a waiwayo. A aikin gwamnati in an ce za a waiwayo ka, to ka nemi tabarma ka shimfiɗa.

Ranar Talatar nan Arɗo Manu yana zaune a bencin asibiti. Rugarsa ce mafi nisa a cikin goma sha huɗun, kuma zuwansa na uku ke nan. Ya gaya mini ciwon ya shiga garken wansa a can kudu inda suka je cin rani, ya yi ɓarna, kuma in damina ta kankama shanun da suka rage za su dawo gida su gauraya da nasa. Fulani duk wanda ya riƙe allura likita suke ce masa. Ya ce, “Likita, ni ba roƙo na zo ba. An ce maganin yana cikin akwatin can. To me ya hana shi fitowa?” Na ce mota. Ya ce, “Gwamnati ba ta da mota?” Ban kai ga ba shi amsa ba sai ga jif ɗin nan ta shigo harabar asibiti, an wanke ta fes. Baba Sale direba ya leƙo ta taga ya ce Darakta na neman mu a gidansa na Takur, yanzu-yanzu, mu taho da jakar magani.

Arɗo ya dubi motar, ya dube ni, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Har yau in na tuna kallon nan kunya nake ji.

Ba zan faɗi sunan Darakta ba, don yana nan da ransa, 'ya'yansa kuma suna gaishe ni. Amma duk wanda ya yi aiki a wancan zamanin ya san irinsa. Kantomomin soja sun zo sun tafi, an yi wa manya da yawa ritayar dole, shi ko gezau. Aka kawo kantoma mai son wasan tanis, sai ga Darakta da farin takalmi da gajeren wando. Aka kawo mai son noma, sai ga shi da malafa yana zancen taki. Sai da farar hula suka karɓi mulki a 1999 tsoro ya kama shi, don an sha ganin hotonsa yana tafi a bayan soja. A hanyar Takur Baba Sale ya fasa mana ƙwai. Wai wani mai duba a wani ƙauye ne ya ba Darakta hawainiya, ya ce masa muddin tana numfashi a gidansa babu mai taɓa kujerarsa. Baba Sale da kansa ya ɗauko ta a motar nan. Ya ce, “To yau kwana huɗu ba ta motsi, ga shi ana raɗe-raɗin za a yi wa daraktoci garambawul. Alhaji ko tuwo ba ya iya haɗiya.”

Dakta Nasiru ya juyo ya ce, “Malam Hudu, ni fa ba a koya mana hawainiya a makaranta ba.” Na ce, “Dakta, ni ma ba a koya mini ba, amma a gona na girma.”

Aka shigar da mu ta ƙofar baya, aka buɗe wani sito a ƙarƙashin matakalar bene, inda aka jibge tsofaffin tayoyi da buhunan gawayi. Babu taga. A kusurwa ga wani kejin aku, a ƙasan kejin ga baiwar Allah nan a yashe. Na ga dabbobi cikin wahala iri-iri, amma wannan ta ba ni tausayi ƙwarai. Ta yi baƙi ƙirin kamar an ciro ta daga murhu. Idanun nan nata masu juyawa sun faɗa ciki sun rufe, haƙarƙari duk a waje, tsohuwar fatar da ta fara saɓawa ta manne mata a ƙafafu ta ƙi fita. Wutsiyar da aka san ta a naɗe ta saki ta miƙe. Ko reshe ɗaya babu a kejin, dabbar da Allah ya yi wa yatsu don riƙon reshe.

Abinci kuwa, masha Allah. Ga biskit, ga shinkafa da miya ta yi tsami, ga madarar gwangwani a murfi, har da tsinken tsire. Ga kuma kwanon tangaran cike da ruwa. Kukun gidan ya tsaya daga nesa ya ce da sanda yake tura mata, don an ce in ta hura wa mutum iska jikinsa zai yi dabbare-dabbare. Ya ce da a bayan gida take, a gindin gwaiba, tana kama ƙudajen da ke bin abincin, feshin mai ban ruwan fulawa yana samun ta. Da wani baƙo ya hange ta ya fara tambaya, sai Alhaji ya sa aka ɓoye ta a sito. An kusa sati uku.

Darakta ya tsaya a bakin ƙofa ya toshe hanci da hankici. Ya ce, “Dakta, duk abin da ake yi wa mutum an yi mata. In ƙarin ruwa ne a yi mata. Kada ta mutu.” Dakta ya dube ni. Na ce, “Ranka ya daɗe, ƙishirwa ce za ta kashe ta.” Ya nuna kwanon ya ce, “Kai makaho ne?” Na ce, “Allah ya ba ka nasara, hawainiya ba ta shan ruwa a kwano. Raɓa take lasa a jikin ganye, ko ɗigon ruwan sama. Ba ta cin abin da ba ya motsi. Kuma in ba ta ga rana ba, har ƙashinta laushi yake yi.” Ya ce, “To me ya sa ba wanda ya faɗa mini?” Na sunkuyar da kai. Mutumin da ya shekara tara babu wanda ya isa ya ce masa ba haka ba ne, yau shi ke tambayar me ya sa ba a faɗa masa ba.

Na ce in ana son ta rayu sai in tafi da ita gidana a Limawa. Ya yarda, bisa sharaɗi uku. Kada a rubuta ta a rajistar asibiti, kada kowa ya ji, kuma duk ranar Litinin in zo in ba shi rahoto baki da baki. Ya ƙara da cewa, “In ta mutu a hannunka, ka haɗa kayanka. Akwai tashar duba shanu a bakin iyaka da take neman ma'aikaci.” Sannan ya ce, “Me za ta riƙa ci?” Na ce fara mai rai. Ya ce, “A ina ake samu?”

To gaskiyar magana, a lambun da ke bayan gidana in ka girgiza ciyawa sau ɗaya fara goma za ta tashi. Na buɗe baki zan faɗi haka, sai fuskar Arɗo Manu ta faɗo mini a rai. Na ce, “Sai daji, ranka ya daɗe. Wajen rugage, inda shanu ke kiwo. Farar cikin gari ta sha maganin feshi.” Rabin maganar gaskiya ne, sauran rabin kuma Allah ya yafe mini. Darakta ya juya ya ce da Dakta, “A ba shi mota.” Nan take a tsaye ya tsara yadda za a rubuta. Aka buɗe sabon fayil mai suna Binciken Ƙwari Masu Addabar Dabbobi, mota duk ranar Alhamis, da mai, da direba. Kafin a tashi aiki ranar koren biro ya rubuta “an amince”. Ban taɓa ganin fayil ya yi gudu haka ba a shekara talatin da biyar da na yi ina aiki.

A mota Dakta ya riƙe kai ya ce, “Malam Hudu, za ka sa a kore mu.” Na ce, “Dakta, umarnin Darakta ne mu je rugage. Bai ce kada mu tafi da kula, akwatin sanyin allura, ba.”

A gida na tarar da wani yaƙin. Mai ɗakina ta ga abin da ke hannuna ta ja da baya ta ce, “Malam, na haƙura da warin kashin shanu a rigunanka shekara ashirin, amma ba zan kwana gida ɗaya da wannan ba.” Na ce ba a ɗaki za ta kwana ba. Akwai bishiyar lemun tsami a tsakar gidanmu, na zagaye ta da tsohon gidan sauro, na ɗora hawainiya a wani reshe mai kauri, na shimfiɗa buhu a ƙasa ko za ta faɗo. Ta faɗo sau biyu a ranar farko, don yatsunta ba su da ƙarfin riƙo.

Maganin da na yi mata babu wanda ya fito daga jakar magani, sai sirinji, shi ma ba allura. Da shi nake ɗiga mata ruwa a kan hanci, ɗigo ɗaya in jira, ɗigo ɗaya in jira. Kwana biyu ruwan yana gangarewa ƙasa a banza. Rana ta uku na ga maƙogwaronta ya motsa, ta haɗiye. Wallahi daɗin da na ji bai gaza na ranar da na fara ciro maraƙi da rai ba. Daga nan sai tsintsiya. In tsoma ta a ruwa in yayyafa wa ganyayen safe da yamma, su yi ta ɗiga. Da hantsi ta sha rana, in ta yi zafi ganye ya rufe ta. Fatar da ta manne na jiƙa ta da tsumma mai ɗumi har ta saki. Rana ta shida ido ɗaya ya buɗe, ya juya ya dube ni, ɗayan kuma yana kallon katanga. Rana ta tara na saki fara a kan reshe, ta daɗe tana auna ta, sai kawai na ga harshe ya fita ya dawo, fara ta ɓace. Mai ɗakina da take leƙe daga bakin madafa ta ce, “Lahaula! Wannan harshe ya fi na Tabawa maƙwabciyarmu tsawo.” Tun daga ranar ita ta karɓe tsintsiya, in na taɓa ma faɗa take yi wai ina zuba ruwa da yawa.

Baba Sale ne ya raɗa mata suna Fayil, wai tafiyarsu ɗaya: ta ɗaga ƙafa, ta yi gaba, ta yi baya, ta yi tunani, ta fasa.

Cikin sati uku Fayil ta warke sarai. Ta yi kore shar, ta yi ɓulɓul, wutsiya ta naɗe, in ka matso ta kumbura tana huci. Amma rahoton Litinin bai warke ba. In shiga in durƙusa in ce, “Da sauƙi, ranka ya daɗe, sai dai har yanzu sai an kula. In aka yanke mata fara za ta iya komawa.” Wannan ma ai gaskiya ne, kowa aka yanke wa abinci zai koma. Ranar Alhamis kuwa da mun idar da sallar asuba sai mu cika kula da ƙanƙara, mu jera kwalabe, mu nufi ruga guda. A tara shanu, matasa su kama, ni in tsira allura, Baba Sale ya shafa shuni a gadon bayan wadda aka yi wa don kada a maimaita. Daga mako na uku Dakta Nasiru da kansa ya fara bin mu, ya naɗe hannun riga, tsoron yana nan amma aikin ya fi ƙarfinsa. A hanyar dawowa sai mu tsaya a bakin wata gona, ni da Baba Sale, dattawa biyu masu furfura, mu cire huluna mu yi ta bin fara da gudu, don kada a ce mun yi ƙarya. Manoma su tsaya su jingina da fartanya suna kallon ma'aikatan gwamnati.

Ba mu fara da rugar Arɗo Manu ba, don littafin direba yana nuna nisan da mota ta yi, kuma ba ka tashi ɗaya ka ce farar ƙarshen ƙasa kake so. Muka fara da na kusa. Duk mako in ce wa Darakta ta nan ta ƙare, sai mun ƙara gaba. A watan Mayu aka yi garambawul ɗin da ake tsoro, aka kwashe daraktoci da dama, shi aka bar shi. Imaninsa da hawainiya ya ƙaru, ya aiko mata da katan ɗin madara. Mu muka sha shayi da shi a asibiti.

Zuwa tsakiyar Yuli mun gama rugage goma sha uku, saura ta Arɗo Manu. A daidai lokacin ne ake shirin ƙaddamar da shari'a a jihar, gari duk ya ɗauka. Ni addinina ne, na yi murna kamar kowane talaka, ina fatan a ga adalci. Abin da ya ba ni mamaki shi ne saurin da gemu ya riƙa tsirowa a hedikwata. Darakta wandonsa ya ɗage, carbi mai dubu ya bayyana, aka ajiye buta da darduma a ƙofar ofis inda kowa zai gani. Kafin ka ce kwabo an naɗa shi shugaban kwamitin wayar da kan ma'aikata na ma'aikatarmu. To mutumin da ke wa'azi a kan shirka da tsafi, in aka ji hawainiyar boka ce take riƙe masa kujera, ai kashinsa ya bushe. Ranar Alhamis muka cika kula muka jira, mota ba ta zo ba. Ranar Litinin na je ba da rahoto, sakatarensa ya ce Alhaji ya ce bai san da wani rahoto ba. Fayil ɗin binciken ƙwari ya dawo da tsofaffin haruffan nan uku.

Arɗo Manu ya sake zuwa, karo na huɗu. Ya ce shanun wansa sun iso, suna tsallaken rafi, ya hana su haye amma ba zai iya hana su har abada ba, kuma akwai masu tari a cikinsu. Ya ce, “Likita, kowa an yi masa sai ni. Wani laifi na yi wa gwamnati?” Saura kwana huɗu allura ta daina aiki. Dakta ya ce, “Malam Hudu, sha uku cikin sha huɗu ai nasara ce. Mu rubuta a rahoto.” Na ce, “Dakta, shanu ba sa karanta rahoto.”

Washegari na sami kwandon kaba mai murfi, mai ɗakina ta shimfiɗa ganyen lemo a ciki, ta yayyafa ruwa, idonta ya kawo ƙwalla, wai in kula kada rana ta buge ta. Matar da ta ce ba za ta kwana gida ɗaya da ita ba. Na ɗauki kwando na nufi hedikwata. Sakatare ya ce Alhaji na ganawa da malaman kwamiti. Na ce ai saƙon ba ya jira, na tura ƙofa na yi sallama.

Darakta na kan kujera, sabon gemunsa ko tsefewa bai isa ba, malamai biyu suna zaune a gabansa da takardu. Na durƙusa na gaishe su, na ajiye kwando a kan kafet. Na ce, “Ranka ya daɗe, ajiya ta warke.” Ya ce, “Wace ajiya?” Kwando ya motsa. Wata 'yar ƙafa kore ta leƙo ta gefen murfi, ta lalubi iska a hankali, ta kama bakin kwando. Carbin Darakta ya tsaya cak. Babban malamin ya gyara tabarau ya ce, “Bawan Allah, mene ne wannan?”

Na ɗan ja lokaci da gangan, ina kallon gumi yana bin sabon gemun Darakta. Sannan na ce, “Allah gafarta malam, hawainiya ce. Aikin binciken ƙwari muke yi da ita, bisa amincewar Darakta. An same ta a kulle a wani sito tana mutuwa da ƙishirwa, shi ya ba da umarni a yi jinyarta. To ta warke. Umarni nake jira, in mayar da ita inda aka ɗauko ta a Takur, ko in kai ta daji.”

Darakta ya ce, “Daji!” Ya ƙara da cewa, “Daji mai nisa.”

Na ce, “Mai nisa sai da mota, ranka ya daɗe.” Na zaro fayil daga hammata na ɗora masa a tebur, a buɗe, daidai shafin.

Malamin nan mutumin kirki ne, bai san dawan garin ba. Ya yi ta sa wa Darakta albarka a kan tausayin dabbobi, ya tunatar da mu azabar da aka tanadar wa mai kulle dabba ya hana ta ci da sha. Ya ce, “Shi kuwa wanda ya kulle ta a siton nan, Allah ya shirye shi.” Darakta ya ce, “Amin, malam,” yana sa hannu da koren biro, idonsa a kaina. Na san ma'anar kallon, na kuma san inda tashar bakin iyaka take.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu allura ta mutu, muka isa rugar Arɗo Manu da hantsi. Ba mu sauke sirinji ba sai bayan azahar. Na ja kunnensa ya bar shanun wansa a tsallaken rafi, kada su haɗa mashaya. Da muka gama aka kawo mana fura da nono, sai Arɗo ya ga kwando a inuwar mota ya ce me ke ciki. Na buɗe. Dattijon nan ya yi tsalle baya kamar ɗan shekara ashirin. Ya ce, “Kai likita! Nisa da shanuna! In saniya ta haɗiye wannan a ciyawa ai ta mutu.” Na ce ya zauna, na kwashe labari tun daga sito har ofis na faɗa masa.

Ya matso ya leƙa kwandon. Can ya nuna ta da sanda ya ce, “Wato wannan ce ta aiko da mota?” Na ce ita ce. Ya ce, “Sau huɗu na je neman gwamnati, ashe ba a nuna mini ofishinta ba.” Ya cire malafa ya rusuna mata ya ce, “Allah ya ja zamaninki.”

Na kai ta nesa da makiyaya, wata fadama mai duhuwar itatuwa, na ɗora ta a reshen kargo. Ta ɗaga ƙafa, ta yi gaba, ta yi baya, wannan karon ba ta fasa ba. Ido ɗaya yana kallon sama, ɗayan yana kaina, har ganye ya haɗiye ta. Baba Sale ya ce, “To, an rufe Fayil.”

A watan Satumba takardar canjin wurin aiki ta same ni, da koren biro. Shekara huɗu na yi a bakin iyaka ina ƙirga ƙahoni, ƙarin girma ya wuce ni sau biyu. Mai ɗakina ta fi wata guda tana yayyafa wa lemun tsami ruwa da tsintsiya, wai ta saba. Garken Arɗo Manu ko saniya ɗaya ciwon bai ɗauka ba a wannan daminar, kuma har ya rasu duk shekara yana aiko mini da man shanu. Darakta ya yi ritaya da lambar yabo, ya shiga siyasa, na daina ƙirga jam'iyyun da ya shiga ya fita. Ashe tun farko bai buƙaci hawainiya ba, mai duba ne kawai ya ga tsoro ya ci kasuwarsa. Ita dai baiwar Allah launinta take sauyawa don ta tsira, ban taɓa jin ta kwantar da fayil ɗin kowa ba.

Abin da na koya ke nan, kuma shi zan bar muku. Ku san dabba kafin ku ba ta magani, don na ga wadda ta kusa mutuwa da ƙishirwa ga kwanon ruwa a gabanta, kuma haka talakawan da muke yi wa aiki suke, magani na cikin firij suna mutuwa a ruga. A wannan aikin namu, dabbar da ke da ubangida ita ce mara lafiya, sauran duk K.I.V. ne. Saboda haka in kun ga takardarku ta kwanta sau biyar, kada ku ɓata biro ku rubuta ta shida. Ku je ku gano abin da mai gida ya kulle a sito, ku ba shi ruwa.